Iya Tabawa Ta Yi wa Rana Jika

"Ga ta nan ta iso bakin zaure, ga ta nanku."

"Ta shigo mu ji ta."

To, ku matso. Mai gyangyaɗi ya yi abinsa tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

A wani gari wai shi Tsamiyar Bauje, Wuta ta yi yaji.

E, Wuta dai, ta murhu, wadda kuka sani. Kuma ni ban ga laifinta ba. Mutanen garin nan sun sare itace, sun sare itace, sun sare itace, har tsamiyar da garin ya ci sunanta sai da ta shiga murhu. Da itace ya ƙare, suka koma ba Wuta kara. Da kara ya ƙare, suka koma ba ta kashin shanu. Ran nan Wuta ta dubi abin da aka tura mata, ta ce, "Ni za a ciyar da wannan? Da girmana?" Ta naɗe jan zanenta, ta bi ta bayan gari, ko waiwaye babu. Sarki ya aika biko, ta ƙi. Ya sake aikawa, ta ƙi. Ya tashi da kansa ya je, ta ce ya gaida mutanen gida.

Gari ya koma cin gumba da nono. Gumba da safe, gumba da rana, gumba da yamma. Ku da kuke ɓata fuska in an ba ku ɗumame, da can aka kai ku da kun yi hankali.

Ana cikin haka sai Gaje, 'yar Iya Tabawa, ta zo gida goyon ciki. Ita Iya Tabawa tsohuwa ce gajera, mai kaifin baki, mai saurin hannu. Aibinta ɗaya ne: in ta yi tambaya, ba ta tsayawa ta ji ƙarshen amsa.

Cikin Gaje yana wata bakwai haihuwa ta zo. Aka sami ɗa namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi. Da za ka sa shi a ƙoƙo ka rufe da faifai, da ya shige har da sauran wuri.

To, kun san maijego da wuta. Ruwan zafi take wanka da shi. Gadon ƙasa take kwana a kai, a zuba garwashi a ramin da ke ƙarƙashinsa, ita da jinjiri su sha ɗumi. Ga maijego, ga bakwaini, ga gado, babu Wuta. Mata suka zo barka. A ɗaki suka ce, "Allah ya raya." A tsakar gida suka haɗa kai suna cewa, "Wannan ba zai ga ranar suna ba."

Iya Tabawa ta ji su. Ta leƙo ta ce, "Zai ga suna, zai ga aski, zai ga jikokinku. Ku gaida gida."

Da asuba sai ga Ɗari. Shi Ɗari dogo ne, siriri, haƙoransa kullum suna kaɗawa, kuma ba shi da abinci sai ɗumin jikin mutane. Babban mutum yana da ɗumi ƙwarya guda, ko an sha ba ya ji. Bakwaini kuwa nasa bai fi ludayi ba. Ɗari ya tsaya a bakin ƙofa yana waƙa:

"Ni ne Ɗari, ba na sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa nake shiga.
Ina ɗan da bai cika ba?
A ba ni ɗuminsa in karya kumallo."

Ya shiga. Gaje ta rungume jinjiri, Iya Tabawa ta rungume Gaje. Ɗari ya sha ta nan, ya sha ta can. Kafin gari ya waye tafin ƙafar yaron ya yi sanyi kamar gindin randa. Da ƙyar ya kai safe.

Iya Tabawa ta fito tsakar gida ranta a ɓace. Sai ta ga Ƙadangare kwance a kan wani baƙin dutse, ya baje ciki, yana lumshe ido.

Ta ce, "Kai Ƙadangare, kowa yana rawar ɗari, kai kana kwance kamar ango. Me ka samu?"

Ya ce, "Iya, taɓa ki ji."

Ta taɓa dutsen. Da ɗumi.

Ta ce, "Wa ya hura masa wuta?"

Ƙadangare ya duba hagu, ya duba dama, don shi ɗan tsegumi ne. Ya ce, "Baƙin Dutse ɗan Rana ne, ɗanta na fari. Kin dai san uwa da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane. Amma kullum in za ta wuce, sai ta faki ido ta zuba masa ɗumi. Duk inda ta hangi baƙi, ɗauka take shi ne. Shi kuma ba ya cinyewa. Ajiyewa yake yi, yana fitarwa kaɗan-kaɗan har asuba. Amma fa, Iya..."

Ina! Iya ta kai zaure.

Ta bi gida-gida tana kankare baƙin hayaƙin da Wuta ta bari a madafai da gindin tukwane. Ta kwaɓa da ruwa. Ta hau soron maijego ta shafe rufi, ta sauko ta shafe bango. Ɗaki ya koma baƙi ƙirin. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ɗari, gobe ka zo."

Rana ta taso, ta kai tsaka, ta leƙo ƙasa. Ta ga baƙi ɗaki guda. Ta ce a ranta, "Ikon Allah! Yaron nan haka ya girma?" Daɗi ya kama ta. Ta zuba, ta zuba, ta zuba, har da na gobe.

Kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Gaje tana gumi kamar an tsamo ta daga rafi. Jinjiri ya yi jawur, numfashinsa sama-sama, ya ƙi nono. Iya Tabawa ta sunkuce shi, ta rufe shi da jiƙaƙƙen zane, ta ruga bakin rijiya. Ta zauna a ɗan inuwar bangon rijiyar tana yi masa fifita, tana zagin Ƙadangare da duk danginsu.

Sai ga Balbela tana takawa cikin tsakar ranar nan, fara sol, ko haki ba ta yi.

Iya Tabawa ta ce, "Ke Balbela, rana tana gasa duniya, ke kina yanga kamar amarya. Me kika samu?"

Balbela ta ce, "Iya, ai ni Rana ba ta duba ta."

"Don me?"

"Don kunya. Mijin Rana shi ne Wata, uban Wata kuwa shi ne Farin Gajimare. Ba ki lura ba? In ya gitta da farar rigarsa, sai ta rufe fuska har ya wuce. Duk inda ta hangi fari, ɗauka take rigar surukinta ce aka shanya, sai ta kau da kai. Ni ma kallon 'yar aiken gidansa take yi mini. Sai dai fa, Iya..."

Ina! Iya ta kai gida.

Ta miƙa wa Gaje yaro a inuwar rumbu. Ta wanke baƙin nan tas. Ta je ramin bayan gari ta haƙo farar ƙasa, ta jiƙa, ta hau soro. Ta shafe rufi, ta shafe bango. Sauran da ya rage a ƙwarya ta ce ba za a yi asararsa ba, ta shafe duwatsun tsakar gida, har da wanda Ƙadangare yake kwana a kai. A daren nan bangon bai gama hucewa daga zafin rana ba, don haka Ɗari ko leƙowa bai yi ba. Da Iya mai tsayawa ta yi tunani ce, da ta ɗauki darasi a nan. Amma ba ta tsaya ba.

Kashegari Rana ta taso, ta kai tsaka, ta leƙo ƙasa. Ta ga fari ɗaki guda. Ta ce, "Wayyo, rigar Baba!" Ta ja mayafi, ta kau da kai, ta wuce sum-sum. Ɗaki ya yi sanyi kamar bakin kogi. Gaje ta yi barci, jinjiri ya kama nono. Iya Tabawa baki har kunne, tana cewa, "Wa ya ce tsufa hauka ne?"

Da asuba sai ga Ɗari, da yunwar kwana biyu.

"Ni ne Ɗari, ba na sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa nake shiga.
Ina ɗan da bai cika ba?
A ba ni ɗuminsa in karya kumallo."

Ya shiga. Ya taɓa bango, sanyi. Ya taɓa gado, sanyi. Babu abin da zai tare shi. Ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya sha, ya sha, ya sha. Da gari ya waye leɓen yaron ya canza launi, ko motsi ba ya yi, sai ɗan ƙirjinsa da ke ɗagawa kaɗan.

Gaje ta fashe da kuka. Ta ce, "Iya, ki bar shi haka. Jiya zafi, yau sanyi. In ba mai zama ba ne, kada mu ƙara masa wahala."

Maganar nan ta soki Iya Tabawa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun tana budurwa. Ta fito tsakar gida ta zauna a ƙasa, ita da ba a taɓa ganinta zaune da safe ba.

Sai ga Zabuwa tana tsattsagar tsaba a gindin rumbu.

Iya Tabawa ta ce, "Ke Zabuwa, da rana kina kiwo, da asuba kina kiwo. Zafi bai kashe ki ba, sanyi bai kashe ki ba. Me kika samu?"

Zabuwa ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya. Ta ce, "Iya, na ji labarinki wurin Ƙadangare, na ji wurin Balbela. In na fara, za ki tsaya ki ji ƙarshe?"

"Zan tsaya."

"Ki rantse."

"Ke, kada ki raina ni! Na ce zan tsaya."

Zabuwa ta ce, "Dubi jikina. Baƙi ne ko fari?"

"Duka biyu."

"To, wa ya ce miki sai ɗaya? Kowanne da wurinsa. Fari a kan ɗaki, inda ba kya son Rana ta sauka. Baƙi a tsakar gida, inda kike so ta sauke kaya. In ta tafi da yamma, ki kwashi kayan ki kai ɗaki."

Iya Tabawa ta ɗaga gwiwa za ta tashi, ta tuna, ta koma ta zauna. Ta ce, "Saura me?"

"Saura ki rufe ƙofa da kyau, ki toshe ƙarƙashinta. Shi ke nan. Kin ga babu tsawo."

Iya ta tashi. Ta bar soro da farinsa. Ta wanke duwatsun tsakar gida har suka koma baƙi, ta jera su inda babu inuwa. Ta ɗauko babbar tukunya mai baƙin gindi, ta ƙara mata baƙi har wuya, ta zuba ruwa, ta rufe, ta ajiye kusa da su.

Rana ta taso, ta kai tsaka. Ta ga fari, ta kau da kai. Garin kau da kan sai idonta ya faɗa kan Baƙin Dutse. Ta faki ido ta zuba masa. Ta ga baƙar tukunya a gefensa, ta ce, "Ga ma akushinsa ya kawo." Ta cika ta.

Da la'asar Iya ta buɗe tukunya, tururi ya bugi fuskarta. Gaje ta yi wankan jego na farko, tana wanka tana kukan daɗi. Da Rana ta faɗi, Iya ta naɗe hannu da tsumma, ta mirgino duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tura su cikin ramin gadon ƙasa, inda ake zuba garwashi. Ta rufe ƙofa, ta toshe ƙarƙashinta da tsohon zane.

Da asuba sai ga Ɗari.

"Ni ne Ɗari, ba na sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa nake shiga..."

Ya duƙa, ƙarƙashin ƙofa a toshe. Ya zagaya ya sami wata 'yar kafa, ya matse ya shiga. Ya kai hannu gado, ɗumi ya mare shi. Ya kai ta ƙafa, ɗumi ya mare shi. Ya kai ta kai, ɗumi ya mare shi. Baƙin Dutse yana ƙarƙashin gado yana fitarwa kaɗan-kaɗan, shi ba gaggawa, shi ba fashi.

Iya Tabawa ta buɗe ido ɗaya ta ce, "A'a, Ɗari, ba ka ƙarasa waƙar ba?"

Ɗari ya fita da yunwarsa.

Haka aka yi ta yi. Da safe a fitar da duwatsu, da yamma a shigo da su. Yaro yana shan nono, yana barci, kumatu suka fara fitowa. Ɗari kuwa ya rame har iska tana ɗaukarsa, ƙiyayya ta cika masa ciki.

Ranar suna da sassafe, Ɗari ya je ya tare Rana a bakin gabas. Ya ce, "Ranki ya daɗe, duk gari dariya ake yi miki."

"Ni? Dariyar me?"

"Abin da kike sunkuyar wa kai a gidan Tabawa, farar ƙasa ce. Ɗaga ido ki ga surukinki can, sanye da rigarsa. Abin da kike ba ɗanki kuma, kwashewa ake yi a kai wa wani bakwaini."

Rana ta hanga. Ga Farin Gajimare can nesa, da rigarsa a jikinsa. Kunya ta kama ta, kunyar ta juye ta zama fushi. Ta yar da mayafi. Ta sauko.

A gidan Iya Tabawa an taru, liman ya zauna, wanzami yana wasa aska. Sai zafi ya faɗo musu kamar an kife kasko. Liman ya tattare riga ya shige zaure. Wanzami ya yar da aska, don ta ƙona masa hannu. Matan nan masu cewa ba zai ga suna ba suka cusa kai ƙarƙashin rumbu. Rana ta tsaya a kan gidan, ta kafa wa farin soron ido. Farar ƙasa ta fara tsagewa, tana ɓarewa, tana zubowa.

Rana ta ce, "Ina Tabawa?"

Iya ta fito ta ce, "Ga ni, ranki ya daɗe. An zo lafiya?"

"Ke kika mai da ni abin dariya?"

"Ni na shafa farar ƙasa. Ban ce miki riga ce ba."

"Ke kika sace abin da nake ba... wancan... yaron nan... kin dai san shi!"

"Ban sata ba. Shi ya bayar."

Rana ta ce, "Yau zan narkar da ɗakin nan da duk abin da ke cikinsa."

Iya Tabawa ta ce, "To, bari in rage miki aiki." Ta shiga ɗaki, ta karɓe jinjiri daga hannun Gaje. Gaje ta riƙe mata zane tana ihu, "Iya, kin haukace?" Iya ta fizge, ta fito.

Ta ɗaga yaron ta ce, "Ga shi. Uwarsa ta haife shi bai cika ba. Wanda ya cika shi ɗanki ne. Kullum dare yana ɗauke da shi, yana ciyar da shi da abin da kika ba shi. Wanda ya yi wa ɗa haka ai ya zama uba. To, ranki ya daɗe, ɗan ɗanki mene ne naki?"

Rana ta dubi yaron.

Iya ta ce, "In ƙonawar ce, fara da shi."

Rana ba ta iya tambayar ɗanta, don kunya. Sai ta saci kallonsa ta gefen ido. Baƙin Dutse, wanda tun da aka yi duniya bai taɓa magana a gaban uwarsa ba, ya sunkuyar da kai, ya ce wa ƙasa, "Nawa ne."

Zafi ya ragu. Ya ƙara raguwa. Rana ta duƙo a hankali, ta miƙo ɗan siririn haske ta taɓa tafin ƙafar yaron. Yaro ya yi atishawa. Ya buɗe ido, ya dubi Rana, ya yamutsa fuska, ya tsala ihun da sai da aka ji shi a fada.

Rana ta tuntsire da dariya. Kun dai san kaka da jika, ba kunya tsakaninsu sai tsokana. Ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Mai kai kamar gauta? Wannan ko zanen salla ba zai iya saya mini ba!"

Iya Tabawa ta ce, "Ki yi haƙuri da shi, zai girma."

Rana ta ce, "To me kike tsaye da shi a waje? Mai da mini miji inuwa! Kuma farin nan ya ɓare ta gabas, a ƙara masa. Ni dai daga yau riga nake gani."

Ta ɗauki mayafinta ta koma sama. Liman ya fito, wanzami ya tsinci askarsa. Aka raɗa wa yaro suna, aka yi masa aski. Sunan da liman ya raɗa na manta shi, don babu wanda ya taɓa kiransa da shi. Kowa Ranau yake ce masa. Ya girma, ya yi ƙiba, ya tsufa, kuma duk ranar da ya fita gona, sai Rana ta ɗan mintsine shi a ƙeya.

To, kun ji. Fari yana mai da zafi, baƙi yana ajiye shi, kowanne a sa shi inda ya dace. Kuma in kun yi tambaya, ku tsaya ku ji ƙarshen amsa.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Ba don dare ya yi ba, da na ce ku je ku taɓa dutsen ƙofar gida ku ji ko ƙarya na yi.